Hannun da Ya Koyi Sauka

Daren Alhamis aka sauke ta a Tukur-Tukur,
a bayan a-kori-kura, tun daga Maigatari,
'yar duƙusa bikili, ƙafafu kamar sillen kara,
gwiwa duk ta ƙuje, ido ya yi fari fat,
ko inuwarta ta gani sai ta zabura.

Na kawo dusa da kanwa, ta juya mini baya.
Na kawo harawar wake, ta hura hanci.
Na miƙa hannu, ta kawo harbi,
saura ƙiris in kwana a gadon Shika.
Zuciya ta ɗebe ni, na zaro dorina.

Baba Jatau na zaune a gindin durumi,
idonsa ya yi yana, kunnensa kuwa garau.
Ya ce, "Ajiye wannan, Tanimu.
Wani ya riga ka, shafa wuyanta ka ji sawu.
Da duka na koyar da doki,
da ta iso nan da saukar karatu."

Na ce, "To me zan yi?" Ya ce, "Zauna."
Na ce, "Sai kuma me?" Ya ce, "Zama ma aiki ne."

Kwana tara ina kan fasasshen turmi,
ina gyaran ragamar da ba ta lalace ba,
ban dube ta ido cikin ido ba.
Na rataye tsohuwar taguwata a turke
don ta san warin gumina
kafin ta san nauyina.

Da hantsi jiragen 'yan koyon tuƙi
sukan taso suna kewaya gari kamar shirwa.
Sai ta tsinke dabaibayi, ta miƙe da ƙafa biyu,
jiki na ɓari, kumfa a baki.
Baba ya ɗaga haɓa sama yana dariya:
"Faɗa mata ta kwantar da hankali,
na saman ma koyo yake, cikinsa ya ɗuri ruwa."

Rana ta goma ta shinshina gwiwar hannuna.
Ƙuda ya sauka mini a hanci, ban kore shi ba.
Numfashinta ɗumi, da ƙanshin harawa.
Ranar na cire mata kaska uku a ƙasan geza,
ta lumshe ido, leɓenta ya saki.

Sirdi? Tukuna.
Buhun masara wofi na fara ɗora mata,
ta watsar, na ɗauka, ta watsar, na ɗauka,
har ta gaji da musu kafin in gaji da sunkuyo.
Baƙar leda na ɗaure a sanda can nesa,
kullum taku ɗaya nake matso da ita.
Linzami kuwa sai da na shafa masa maɗi,
ta karɓa da kanta, tana harara ta.

Bayan wata biyu na ja ta zuwa Kubanni,
ni a ƙasa, ita a ƙasa.
Ta sa baki a ruwa ke nan sai ga jirgi,
ƙasa-ƙasa, kamar zai aske kan giginya.
Na ji ragama ta yi tauri a tafina,
na ce yau sai Kufena za a tsinto ta.
Ta yi rawar jiki, ta ja baya taku biyu,
sannan ta cusa hancinta a hammatata.

Har yau ban hau ta ba.

Da magariba na shiga gida,
na ɗaga hannu in ɗauko hula a ƙusa,
sai Ɗanlami, ɗana, ya kare kai da hannu biyu.
Hulata kawai nake nema.
Na daɗe tsaye, hannuna a sama,
kafin in sauke shi sannu, kamar yadda na koya a barga.
Na jawo tabarma na zauna daga gefe,
ban kira shi ba, ban dube shi ba,
na ɗauki takalminsa da bai tsinke ba,
na fara gyara.